Yadda na sa 'ya'yan yayata makaranta a Kano bayan zaman gudun hijira a Maraɗi

Mijin yayata Bagobiri ne, fataucin wake da gero yake yi tsakanin ƙauyukan Sabon Birni da kasuwar Dawanau. A Dawanau ɗin ma suka saba da mahaifinmu har magana ta kai ga aure. A daminar 2019 'yan bindiga suka same shi a gona suka kashe shi. Yaya tana cikin takaba aka sake afka wa garin da dare, ta kama hannun 'ya'yanta biyu, ga cikin na uku, suka bi ayarin jama'a suka tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi. Daga ƙauyensu Nijar ta fi birnin Sakkwato kusa, kuma mutanen tsallaken dangi ne, harshe ɗaya, auratayya ta haɗa su tun kaka da kakanni. Sun fara raɓawa a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji, daga baya hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da su ɗaya daga cikin garuruwan da aka tanada nesa da iyaka, irin su Garin Kaka da Chadakori. A can ta haifi autanta, a can kuma manyan biyu suka shiga makarantar boko, wadda su suke ce wa lakwal.

Na sha aika mata ta taho Kano, tana cewa a bari ƙura ta lafa su koma gida, gonar marayu tana can. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, kaya suka yi tsada, abin da ake ba su ya ja baya. Da aka buɗe iyakar a watan Maris na 2024 ta haƙura. Bayan ƙaramar Sallah suka biyo ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, na tarye su a tasha da buhu biyu da wata baƙar leda da Yaya ta ɗaure a cikin zaninta. Takardunsu ne a ciki.

Ni tela ne, shagona yana bakin titi a wata unguwa ta gefen Kurna. Ɗaki guda muka ware musu, maiɗakina ta karɓe su hannu bibbiyu, Allah Ya saka mata. Ci da sha muka raba yadda ya sawwaƙa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne safiya, lokacin da nawa yaran suke saka yunifom su fita, waɗannan uku kuma su tsaya a zaure suna bin su da ido. Babbar ta kusa shekara 14, namijin ya kusa 11, autan bai cika 5 ba.

Islamiyya ba ta ba ni wahala ba. Na kai su wurin malamin da ke karantar da 'ya'yana, ya ce kowa ya karanta inda ya tsaya, ya saurara, ya zaunar da kowa a ajin da ya dace da karatunsa. Kuɗin wata ma ya ce a bar na marayu. Kafin la'asar an gama magana.

Boko kuwa da na je firamaren gwamnati ta unguwarmu, hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ya ce abu uku ne a gabanmu. Na farko an riga an shiga zangon ƙarshe na shekara, ɗaukar sababbin yara sai Satumba. Na biyu yana buƙatar takardar canjin makaranta daga inda suka baro. Na uku takardar haihuwa. Na kwance ledar Yaya na zube masa abin da ke ciki: katin rajistarsu na 'yan gudun hijira, takardun sakamakon lakwal, da takardar haihuwar auta wadda aka yi masa a Nijar. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya juya bayanta, ya ce, "Malam, wallahi ban san abin da aka rubuta a nan ba. Wannan CM1 ɗin aji nawa ke nan? Ga shi kuma na ga an ba ta 8 a lissafi. Yarinyar tana ganewa kuwa?" Takardar canjin makaranta kuwa, wa zai ba da ita? Firamaren ƙauyensu, inda babbar ta fara karatu kafin gudu, babu kowa a cikinta tun shekarar da aka watse.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne da muke sallah sahu ɗaya, tsohon sufeton makarantu, shi ne kuma shugaban kwamitin al'umma mai sa ido kan makarantar, wanda ake kira SBMC. Bayan isha'i na tsugunna na gaishe shi na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, saurara da kyau. Katin nan na Majalisar Ɗinkin Duniya aikinsa a can ne. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 22, ta ɗora wa ƙasar da aka gudu cikinta ta ba ɗan gudun hijira karatun firamare daidai da ɗan ƙasa, shi ya sa Nijar ta sa su lakwal. Yanzu sun dawo ƙasarsu, haƙƙinsu ya fi wancan ƙarfi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne a kan kowane yaro. Ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Uban da ya ƙi kai ɗansa ma hukunci ta tanadar masa, da farko gargaɗi, in ya sake tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata guda. Dokar da za ta hukunta ka don ka ƙi kai yaro, ta yaya za a ce da ita za a hana ka kai shi?" Ya ƙara da cewa ita ma gwamnatin Kano tun 2019 ta shelanta ilimi kyauta kuma dole. Game da auta da aka haifa a Nijar ya ce kada in damu, kundin tsarin mulki na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa.

Na ce, "To Baba, in haka ne me ya sa ake neman takardun da an san wanda ya gudo da dare ba shi da su?" Ya ce hedimasta ma bawan wani ne, za a zo duba rajistarsa a tambaye shi daga ina yaro ya faɗo aji 5. Abin da yake so shi ne abin da zai kare kansa da shi. Saboda haka mu nemo masa.

Muka fara da mai unguwa. Na tafi da Yaya da yaran gaba ɗaya, don ya gan su da idonsa. Ta durƙusa daga gefe ta ce, "Ranka ya daɗe, marayu ne na kawo." Ya yi mata ta'aziyya, ya tambayi sunan garinsu da na hakiminsu, ya sa aka rubuta takarda cewa ya san ni, ya san gidana, kuma waɗannan yara suna zaune a hannuna. Ya buga hatimi. Wannan 'yar takarda ta yi mana aikin da katin ƙasashen duniya bai yi ba, domin duk ofishin da muka shiga bayan nan ita ake fara karantawa.

Sai takardar haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. Ma'aikatanta suna zama a asibitoci da sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma suna yi wa yaro rajista ko da ya girma, muddin bai kai 18 ba. A nan muka ci karo da maganar ranar haihuwa. A katin Nijar an rubuta wa manyan biyu 1 ga Janairu, domin haka ake yi wa duk wanda bai san ranarsa ba. Yaya kuwa ba da kalanda take lissafi ba. Ta ce babbar an haife ta ne shekarar ambaliyar Goronyo, ana tsakiyar ruwan, wato wajen Satumbar 2010. Namijin kuma cikin azumi, shekara uku bayan nan, wanda ya faɗo a Yulin 2013. Baba sufeto ya ja min kunne sosai a kan wannan. Ya ce duk ranar da muka tsayar, ita za ta bi yaro har tsufansa, kada a rubuta wata a takardar haihuwa, wata a rajistar makaranta, wata a lambar ɗan ƙasa ta NIN. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da NIN, kuma ya ga yaran da suka rasa shekara guda cur saboda suna ko ranar haihuwa sun saɓa tsakanin takardu. Haka rubutun suna: a Nijar an rubuta sunayensu da ƙa'idar Faransanci, inda muke sa "u" su sa "ou", inda muke sa "sh" su sa "ch". Muka zauna muka tsayar da rubutu ɗaya, na kwafe shi a bangon littafin awon shagona, duk inda za a cike fom daga nan nake karantowa.

NIN ɗin yara ba ya yiwuwa sai da na uwa ko uba ko mariƙi, Yaya kuma ba ta taɓa yi ba. Dole ita ta fara. Layi ne na fitowar asuba, ga matsalar sabis, ga masu cewa a kawo na goro a tsallake layi. Ban bayar ba, muka jira har aka zo kanmu. Duk ranar da muka fita irin wannan nema, shago a rufe yake, ga kuɗin adaidaita sahu na mutum huɗu ko biyar, a shekarar da man fetur ya riga ya yi tashin da kowa ya sani. Ina faɗar wannan ne don a gane cewa kyauta ɗin da doka ta ce gaskiya ne a bakin ƙofar aji, amma kafin a iso ƙofar akwai tafiyar da macen da mijinta ya rasu, baƙuwa, marar ko sisi, ba za ta iya yin ta ita kaɗai ba.

Takardun Faransanci kuma mai shayin da ke gefen shagona ne ya warware mana su. Badamagare ne, ya yi lakwal har kwaleji kafin ya taho ci-rani. Na roƙe shi ya bar wa yaronsa tebur muka je wurin hedimasta tare. Ya zayyana masa cewa firamaren Nijar ma shekara 6 ce: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Babbar tana shekara ta biyar, namijin yana ta huɗu. Makin kuma ba bisa 100 aka lissafa shi ba, wancan 8 ɗin bisa 10 ne, kuma malaminta ya rubuta a ƙasa cewa tana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Na ga fuskar hedimasta ta sauya. Ya ce a kawo su a gwada su.

Ranar gwajin ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci a duk wannan tafiya, kuma ita ce babu wata doka ko takarda da ta tsara yadda za a yi ta. Wani malami ya rubuta musu lissafi a allo. Babbar ta gama kafin ya juyo. Ya duba rabawar da ta yi ya ce ba daidai ba ne, domin ta ja layinta ta wata fuska, ta ajiye lambar da ake rabawa da ita a dama, amsa a ƙarƙashinta, kamar yadda ake koyarwa a can. Sai da aka ce ya duba amsar kawai ya ga ko ɗaya ba ta kuskure ba. Rubutunta haɗaɗɗe ne mai kyau, 7 ɗinta da ɗan layi a tsakiya. Da aka miƙo littafin Turanci kuwa, ta karanta haruffan da lafazin Faransanci, ba ta san ma'anar ko jimla ɗaya ba. Aka yi mata tambaya da Turanci ta sunkuyar da kai.

Mataimakin hedimasta ya ce ai magana ta ƙare, wadda ba ta jin Turanci aji 3 za ta koma, inda har yanzu da Hausa ake yawan koyarwa. Na ce, "Malam, a duba lamarin nan. Yarinya ce ta fara zama budurwa. In aka zaunar da ita cikin 'yan shekara 8, ba za ta yi wata guda ba za ta ce ba ta zuwa, kuma ba zan iya ganin laifinta ba." Ya ce shi ƙa'ida yake bi. Ni kuma har yau ina ganin wannan ƙa'idar ita ce ke korar yaran gudun hijira daga makaranta fiye da rashin kuɗi. Ana auna yaro da abu ɗaya da ya rasa, a manta da huɗun da ya zo da su. Wanda gudu ya ci masa shekara biyu ko uku, in aka ƙara mayar da shi baya shekara uku, an gaya masa ke nan ya haƙura.

Wata malama mai koyar da aji 6, wadda take zaune tana duba littattafai a ofishin, ita ta raba gardamar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku ba ni ita. Wadda ta iya wannan lissafin kanta a buɗe yake. Turanci ne kawai, kuma wanda ya iya karatu da wani harshe ba daga farko zai fara ba. In kawunta zai sa a yi mata darasi a dogon hutu, ni na ɗauke ta aji 6." Hedimasta ya yarda da sharaɗin za a sake gwada ta in an dawo. Namijin aka ce ya maimaita shekara ta huɗu, wato aji 4, ban yi musu ba domin karatunsa bai kai nata ƙarfi ba. Auta aka rubuta shi ajin share fage.

A hutun nan 'yar maƙwabcinmu, wadda ta gama kwalejin horon malamai tana jiran aiki, ta riƙa zama da su a zaurenmu kullum da hantsi. Ban da kuɗin biyanta, sai muka yi yarjejeniya ina yi mata ɗinki ita da ƙannenta. Ita ce ta gano cewa kalmomin Turanci da yawa na lissafi da kimiyya da sunayen watanni suna kama da na Faransanci a rubuce, ta riƙa bi da yarinyar ta wannan hanya. Kafin Satumba tana karanta littafin aji 4 tana ba da ma'anarsa da Hausa.

A cikin hutun ne kuma na san abin da namijin yake ɗauke da shi. Ranar 1 ga Agusta, da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa har gwamnati ta sa dokar hana fita, an yi ta jin harbi daga titi. Muka neme shi muka rasa. Ƙarƙashin gadon uwarsa muka same shi ya toshe kunnuwa, jikinsa na rawa, ya jiƙe wandonsa. Yaya ta ce tun yana shekara 6 haka yake, in ya ji babura da yawa sun taho tare ma sai ya nemi wurin ɓuya. A ƙarshen watan kuma labari ya zo cewa Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindigar da suka sace shi. Yaya ta yini ba ta ci abinci ba. Da dare ta ce min, "In sarki bai tsira ba, wa zai tsira? Ka yi musu makarantar nan da gaske, mu da gida sai yadda Allah Ya yi." Tun daga ranar ta daina maganar gonar marayu.

Na je na sami malamin aji 4 tun kafin a koma, na gaya masa halin yaron. Na roƙe shi kada ya daka masa tsawa daga baya, kada ya sa shi a tsakiyar aji inda ba ya ganin ƙofa, in kuma ya ga ya yi shiru ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ba raini ba ne. Malamin ya ce bai taɓa samun wanda ya zo ya yi masa irin wannan bayani ba, alhali ya tabbata akwai irinsa da yawa a ajin. Ya zaunar da shi gaba kusa da taga.

Da aka koma a Satumba, ba a karɓi kuɗin makaranta a hannuna ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai yunifom, wanda ni na yanko yadi a Kantin Kwari na ɗinka da hannuna, wani kuwa sai ya saya. Akwai takalmi da jaka, na samo su a gwanjon Ƙofar Wambai. Akwai littattafan rubutu, da 'yan kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ke sawa don alli da gyaran famfo, da na buga takardun jarrabawa. Akwai kuɗin tara, domin a lakwal ana ba su abincin rana, a nan kuwa shirin ciyar da ɗalibai na gwamnatin tarayya an riga an dakatar da shi a Janairun 2024. Ajin namijin ya cika maƙil, masu benci kaɗan ne, saura a ƙasa. A watan Yunin shekarar ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma duk wanda ya leƙa ajin nan ya san ba a yi gaggawar ayyana ta ba. Na yanke wa yaron wani ƙyallen leda mai kauri yana shimfiɗawa.

Sai tsokana. Bakinsu na Gobir ne, "mi kac ce" da "awo" suke yi, yaran Kano kuma ba sa barin irin wannan ya wuce. Aka laƙaba wa namijin "ɗan gudun hijira", har ya yi dambe aka aiko a kira ni. Babbar kuwa shiru ta yi, ta daina magana a aji gaba ɗaya. Malamarta ce ta yi dabara, ta riƙa fito da ita allo tana yi wa 'yan aji lissafin da ya gagare su, wata rana kuma ta ce ta koya musu gaisuwa da ƙirge da Faransanci. Daga nan masu dariya suka koma masu zuwa gidanmu da yamma a yi aikin gida tare.

Jarrabawa mafi girma ba daga makaranta ta zo ba. Wata mata mai kai yara aikatau gidajen masu hali ta fara zarya wurin Yaya, tana cewa ga gida mai kyau, ci da sha da sutura, ga kuɗi duk wata a hannun uwa. Yaya ta same ni da maganar tana kuka. Ta ce nauyin ya yi min yawa, tana jin kunyar matata, gara yarinyar ta tafi ta rage baki ɗaya ta kuma kawo wani abu. Ban ga laifinta ba, wanda ya zauna a gidan wani yana ci ba ya kawowa shi ya san abin da yake ji. Na ce, "Yaya, in don kunya ne, ke za mu nema wa sana'a, ba ita ba." Muka haɗa mata jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, abin da ta iya tun a Gobir, yaran shagona suna kai wa masu shaguna. Ba wani abin kirki yake kawowa ba, amma kuɗin tara da sabulu yanzu daga hannunta suke fita, kuma matar nan ta daina zuwa. Ita yarinyar da ta ji abin da ake ciki, ta same ni a shago ta ce, "Kawu, in an bar ni na gama, malama nake son zama."

A ƙarshen shekarar karatu ta zauna jarrabawar fita firamare tare da 'yan ajinsu, sunanta ya fito a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ake iya zuwa a ƙafa daga gidanmu. A Satumbar 2025 ta fara, tana da shekara 15, ta girmi yawancin ajin amma ba ita kaɗai ce babba ba. A can shugabar makarantar ta ce mu ajiye NIN ɗin uwar kusa, saboda shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano na cikin jihohin farko da suka shiga, yana tallafa wa 'yan mata 'ya'yan marasa ƙarfi su zarce sakandare. Mun ba da takardun, amma ban jingina karatunta da shi ba. Namijin ya shiga aji 5, har yanzu yana firgita, sai dai ya yi abokai kuma bakinsa ya fara komawa na Kanawa. Auta ya shiga aji 1.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne kangwayen da ke bayan unguwarmu. Gine-ginen da ba a ƙarasa ba cike suke da mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato, daga Zurmi, daga Batsari, daga Isa, mata da yara sun fi yawa. Kano ba ta da manyan sansanoni irin na Maiduguri, mutane narkewa suke yi cikin gari, shi ya sa ba a ganinsu a lissafi. A 2015 gwamnatin jiha ta ɗauko marayu 100 daga Borno ta sa su makarantar kwana a Mariri, an kuma yaba, domin abin yabo ne. Amma waɗannan an san sunayensu, an san adadinsu. Na kangwaye babu wanda ya aiko da su, babu wanda ya karɓe su. 'Ya'yan Yaya sun samu shiga ne don suna da kawu mai shago a bakin titi, wanda mai unguwa ya sani, wanda zai iya rufe shago ya bi layi. Yaran can da safe bara suke fita ko tallan ruwan leda, makarantar kuma ga ta nan suna wucewa ta ƙofarta.

Na kai wa Baba sufeto wannan magana, ya kai ta zaman kwamiti, mai unguwa ya ba mu mutum ɗaya daga cikin dattawansa. Muna bi kango-kango da littafi, muna rubuta sunan yaro, garin da ya baro, shekarunsa gwargwadon abin da uwa ta iya tunawa, da ajin da ya tsaya in ya taɓa shiga. Mai unguwa ya yarda zai yi musu takarda ɗaya ta bai-ɗaya maimakon kowa ya zo da tasa, hedimasta kuma ya ce zai karɓe su da ita, takardar haihuwa ta biyo baya. Mun roƙi a ware rana guda ta gwaji, malamar aji 6 ta zauna a ciki. Ni na ɗauki ɗinkin yunifom ɗin waɗanda zan iya, wasu 'yan kasuwa biyu na masallacinmu sun ɗauki yadi. Wasu iyayen sun ƙi ba da suna, suna tsoron kada rubutun ya zama na kora, sai mun koma da matar mai unguwa ta yi musu bayani.

Waɗanda suka fi ba mu wuya su ne manya da ba su taɓa shiga aji ba. Akwai wani yaro daga Zurmi, shekararsa 13, ya yi nisa a allo amma bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Aji 1 ba zai zaunu gare shi ba, aji 4 kuma ba zai gane komai ba. Baba ya ce irinsu Hukumar Ilimin Manya ta jiha, wadda aka kafa a 1980 zamanin Abubakar Rimi, tana da azuzuwan yaƙi da jahilci da za su iya ɗaukarsu su koyi karatu da rubutu, daga baya a gwada su a mayar da su firamare a ajin da ya yi daidai da girmansu. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga mai kula da cibiyar da ta fi kusa da mu, uwar yaron ta amince, ranar Litinin in Allah Ya kai mu zan kai shi tare da wasu biyu.